Aikin kyamara a kwatangwalo ga mai amosanin ƙashin baya, yana magani kuwa ko asarar kuɗi ce?

Tela_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar duk wanda ya san wannan abu, ko shi ya yi ko wani nasa, don wlh kaina ya ɗaure.

Ni tela ne shekarata 31. Tun ina saurayi nake fama da ciwon baya, irin wanda yake tashina can cikin dare kafin kiran assalatu, da asuba kuma sai na dafa bango kafin in miƙe, sai na yi ta kai da kawowa a tsakar gida sannan jikin ya sake. An ce sanyi ne, an ce basir ne, an ce zaman keken ɗinki ne, ba jiƙon da ban sha ba. Daga baya dai Allah ya haɗa ni da likitan amosanin gaɓɓai, ya sa aka yi hoton ƙugu da gwajin jini, ya ce ciwon da suke kira ankailosin sifondilaitis ne, wato kumburi ne a mahaɗar ƙashin baya da ƙugu wanda in ya daɗe yana iya haɗe ƙasusuwan bayan su sandare.

To bayan ma na saba da shi. Abin da ya fi damuna yanzu kwatangwalon dama ne, ciwon a matsematsi yake yana sauka ta gaban cinya har gwiwa, ba na iya tanƙwashe ƙafa in zauna a tabarma, yanke farcen ƙafa sai an yi min, hawa mashin sai na karkata na ɗaga ƙafar da hannu, zaman tahiya kuwa sai dai a hankali. Wani mai haɗa mutane da asibitocin waje ya karɓi hotunana ya tura, ya dawo ya ce min sun ce aikin kyamara za a yi, ba yanka, huji biyu ko uku kawai a wanke gaɓar in tashi garau. Kuɗin da ya faɗa sai na sayar da ɗan filin da nake da shi. Mahaifiyata ta ce a sayar lafiya ta fi fili, matata kuma tana cewa in ƙara bincike.

Shin aikin nan yana magance irin ciwona? In an yi zai dawo? Ko gara in haƙura har lokacin da za a ce a sauya gaɓar gaba ɗaya? Ngd.

Ummu_Khalil ta rubuta:

Wa alaikumus salam, sannu ƙanena Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Ni nas ce ba likita ba amma tambaya biyu zan maka. Ka san jinotayif ɗinka? Don a wajenmu matashi ya zo da ciwon kwatangwalo abin da ake fara tunani sikila ne, tana toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya sai ƙashin ya fara mutuwa, kuma ba masu SS kaɗai ba har masu SC. Na biyu, a shekarun nan da kake ta neman sauƙi ka taɓa daɗewa kana shan firedinisolon ko deksa, ko haɗin nan da 'yan kemis ke ƙullawa a leda wai maganin ciwon jiki? Da yawa akwai su a ciki, kuma su ma suna kashe kan ƙashin cinya in an daɗe ana sha. Ina faɗa ne don mutum yana iya samun ciwo biyu a tare, kar a ɗora komai a kan ankailosin ɗin alhali wani abu ne daban ke cin kwatangwalon. Hoton MRI yana nuna wannan tun kafin eksire ya nuna.

Kar ka sayar da filin nan tukuna.

Ɗan_Kurmi77 ya rubuta:

Malam ka gwada ƙaho da man zaitun da habbatussauda, sannan akwai wani mai ɗori a garinmu in ya taka maka bayan nan ya ja ƙafar wlh sai ka ji ƙas ta koma wurinta. Mutane da yawa sun dace. Allah ya sawwaƙe.

Mai_Gashin_Ƙashi ya rubuta:

Ɗan Kurmi na san alheri kake nufi amma don girman Allah maganar taka baya da jan ƙafa a bar ta. Mai wannan ciwo ƙashin bayansa ya sandare kuma sau da yawa ya yi rauni, 'yar faɗuwa ma tana iya karya shi balle a hau a taka, in kuwa ya karye ya taɓa lakar baya magana ta koma ta shanyewar jiki. Gaɓarsa ba gocewa ta yi ba da za a ce a mayar.

Malam Tela sannu. Aikina gashin ƙashi ne, muna karɓar mutane kafin tiyata da bayanta, bari in faɗa maka abin da na sani.

Aikin da ake maka magana sunansa atroskofi. Za a sa ka barci, a kwantar da kai a wani gado na musamman a ɗaure ƙafar a ja ta har gaɓar ta ɗan buɗe, don kan ƙashin cinya a matse yake cikin kwarmin ƙashin ƙugu, in ba a ja ba babu inda kayan aiki za su shiga. Sai a yi huji biyu ko uku kowanne kamar santimita ɗaya, a zura 'yar kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta sauran, ana tura ruwa ciki likita yana kallo a talabijin. Abin da yake iya yi a ciki sananne ne, ya ɗinke zoben guringuntsin da ke bakin kwarmin in ya yage, ya goge ƙashin da ya tsiro yana karo da bakin kwarmin in an lanƙwasa cinya, ya tsince gutsattsarin da ke yawo a ciki, ko ya kankare fatar cikin gaɓar da ta kumbura. Duk waɗannan gyara ne na abin da ya lalace a wurin. Shi kuwa ciwonka ba a kwatangwalo aka haife shi ba, garkuwar jikinka ce take hura kumburin, kuma kyamara ba ta isa can ba. Kamar ɗakin da kwanonsa ke yoyo ne ka tashi ka sauya silin, zai yi kyau har zuwa ruwan sama na gaba. Fatar nan da aka kankare tana sake tsirowa, in kumburin na nan ta sake kumbura.

Ba wai aikin ba shi da amfani sam ba. Waɗanda ya fi yi wa aiki su ne matasa masu guringuntsi lafiyayye waɗanda matsalarsu karon ƙashi ne ko yagewar zoben, irin 'yan ƙwallo. A masu ankailosin kuwa abin da aka rubuta ɗan kaɗan ne, kan mutane ƙalilan da ciwon bai yi nisa a gaɓar ba, kuma ba ya cikin hanyoyin da aka tsayar na maganin ciwon. Abin da likitocin ƙashi suka fi dubawa shi ne tazarar da ta rage tsakanin kan ƙashin cinya da kwarmin a hoton eksire, don ita ke nuna yawan guringuntsin da ya saura. In ta gaza milimita 2 sakamakon aikin kyamara ba ya kyau, da yawa ba a daɗewa sai an koma an sauya gaɓar, ka ga an biya sau biyu ke nan.

Sannan "ba yanka" ɗin nan da ake faɗa yana ruɗar mutane, fatar ce kawai ba a yanka da yawa ba, a ciki aiki ne sosai. Za ka yi makonni da sanduna, gashin ƙashi kuma wata uku zuwa shida kafin a ce ka dawo daidai, kuma a wata na farko ba zancen wuni a kan keke. Jan ƙafar da ake yi yana iya matse jijiya mutum ya tashi ya ji tsakanin cinyoyinsa har gabansa ya mutu ba ya ji, yawanci yana warwarewa cikin kwanaki ko makonni amma ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin. Akwai kuma tsirowar sabon ƙashi a cikin naman da ke kewaye da gaɓar bayan aiki, wanda ake sa ido a kansa musamman ga masu irin ciwonka tunda jikinsu dama yana da saurin yin ƙashi inda bai kamata ba.

Wani abin kuma, yadda ka kwatanta wurin ciwon, matsematsi zuwa gaban cinya zuwa gwiwa, ya yi kama da na cikin gaɓar da gaske. Na ɗuwawu yawanci daga mahaɗar baya da ƙugu yake, na gefen katara kuma wanda ke hana kwanciya a ɓarin nan sau da yawa inda jijiya ta kama ƙashi ne ya kumbura, waɗannan biyun ko an shiga da kyamara ba abin da za a tarar. In ana shakka akan yi allurar kashe zafi a cikin gaɓar ana kallo da na'urar sikanin, in ciwon ya ɗauke na 'yan awanni to an tabbatar daga ciki yake.

Me aka rubuta a rahoton hotonka game da tazarar? Kuma wane magani kake kai yanzu?

Alhaji_Na_Sabon_Gari ya rubuta:

Yaro sannu, ni na girme ka nesa ba kusa ba kuma wannan ciwo tare muka tsufa da shi, wuyana yanzu in zan waiwaya sai na juya jikina duka.

An yi min aikin kyamaran nan a ƙasar waje a kwatangwalon hagu. Gaskiya ba zan ce ban ji daɗi ba da farko, zafin ya ragu na koma kasuwa ina tafiya ba dogarawa har ina yi wa mutane talla. Ba a rufa shekara biyu ba ciwon ya dawo, ya ma fi da, da aka sake hoto aka ce guringuntsin ya ƙare ƙashi ke gugar ƙashi. Likitan da ya gan ni a nan gida ya ɗauko tsohon hotona na kafin tafiya ya ɗaga shi a haske ya nuna min da bakin biro, ya ce Alhaji ka ga nan, tun a lokacin tazarar ta kusa rufewa. Ba wanda ya nuna min wannan kafin in hau jirgi, kuma shi wanda ya haɗa tafiyar kamasho yake ci a kan kowane mutum ya kai, to me zai sa ya ce kar ka je.

Daga baya aka sauya min gaɓar gaba ɗaya aka sa ta ƙarfe. Ita ce ta raba ni da ciwon. Ina jin tsoronta a da don ana cewa in an sa maka ƙarfe ka gama yawo, ashe ba haka ba ne, washegari ma suka tashe ni tsaye da abin dogarawa. Abin da ya canza, na bar masai na tsuguno na sa na zama, na bar zama a ƙasa, sallah kuma a kujera nake yi, kuma na tambayi malamai sun ce ba komai, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan, wanda ba zai iya a tsaye ba ya yi a zaune.

Amma ban ce ka je a sauya maka ba fa, kai yaro ne, ita ta ƙarfen tana da shekarunta, an ce min da yawa suna kai 15 zuwa 20 wasu su wuce, ka ga mai 31 zai iya buƙatar a sake masa wata rana. Abin da nake cewa ka ɗauki hotunanka ka kai wa likitan ƙashin da ba shi da ko sisi a tafiyarka. Kana Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da kai, kuɗin mota kawai zai ci maka.

Tela_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Anti Ummu Khalil jinotayif ɗina AA ne. Haɗin kemis kam na sha a baya amma likita ya hana ni na bari. Malam mai gashi na ɗauko takardar, eksiren na bara ne, an rubuta tazarar ta ɗan ragu a dama, hagu lafiya, ba su sa lamba ba. MRI na baya kawai aka min ba a yi na kwatangwalo ba. Gwajin ESR da CRP, na auna kumburi a jini, duk sun hau a na ƙarshe da na yi. Magani daikulofenak nake sha in ciwon ya matsa, in ya lafa in ajiye don ina tsoron olsa. Likitan ya taɓa min maganar wata allura mai tsada da ake yi duk sati biyu, da na ji kuɗin ban ma koma ba gsky. Wani abin da ke ɗaure min kai kuma gwajin HLA-B27 ɗina, na ƙwayar gadon da ake yawan samu a masu wannan ciwo, bai nuna komai ba, shi ya sa wani lokacin nake cewa anya ma ciwon ne?

Dr_Zazzau ya rubuta:

Malam Tela sannu da jiki. Ni likita ne amma ban duba ka ba, don haka abin da zan faɗa ka kai shi gaban likitanka ne ku tattauna.

Maganar HLA-B27 kar ta ruɗe ka. A Turawa mafi yawan masu ciwon suna da shi, amma a baƙar fatar Afirka ana samun masu ciwon da yawa da ba su da shi, in hoto da alamomi sun nuna to rashinsa ba ya kore ciwon. Kuma taɓa kwatangwalo ba baƙon abu ba ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ankailosin yana taɓa musu, ya fi yawa ga waɗanda ya fara musu da ƙuruciya irinka, kuma yakan kama ɓangare biyun. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so ka riƙe, ko an gyara dama da kyamara, hagu fa me zai kare ta?

Daga abin da ka rubuta, ni a ganina ba a ma gama gwada magani a kanka ba balle a kai ga tiyata. CRP a sama, magani sai ciwo ya matsa, wato kumburin yana nan yana aiki kullum. Yadda ake bi, a fara da magungunan kumburi irin su nafroksin ko daikulofenak ko selekoksib a cikakken awo kullum ba sai an ji zafi ba, a gwada kala biyu ɗaya bayan ɗaya na kamar wata guda, tare da motsa jiki. Tsoron olsa da kake yi daidai ne, shi ya sa ake haɗawa da maganin kare ciki irin omefirazol kuma a riƙa duba ƙoda da hawan jini, kar dai ka haɗa kala biyu a lokaci ɗaya. In wannan bai kashe kumburin ba sai a hau alluran nan, wadda aka maka magana ina jin adalimumab ce, ita ake yi a ƙarƙashin fata duk sati biyu. Tsada kam akwai, ga ta sai a firji ga halin wutarmu, amma yanzu akwai kwatankwacinta da wasu kamfanoni ke yi ciki har da na Indiya masu sauƙi a kan ta asali, akwai kuma na haɗiya irin tofasitinib. Ka koma ka faɗa wa likitan ƙarfin aljihunka ƙarara, ba abin kunya ba ne, shi ya san abin da ake samu. Kafin a fara dole a yi maka gwajin tibi da hoton ƙirji da gwajin ciwon hanta nau'in B, don waɗannan magunguna suna iya tayar da wanda ke kwance a jiki, kuma mu nan duka biyun muna da su da yawa. Tibi ma kanta tana kama kwatangwalo ɗaya ta yi ta ci a hankali, wannan ƙarin dalili ne na yin MRI na kwatangwalon kafin komai.

In da ni ne ke da filin nan kuma dole sai an sayar, a kan maganin zan kashe kuɗin ba a kan huji uku ba. Magani ba ya dawo da guringuntsin da ya tafi amma yana rage zafi da sandarewa sosai ga mutane da yawa, har wasu maganar aikin ma ta wuce. In kumburin ya kwanta, tazarar na da kyau, amma har yanzu kana jin wani abu na maƙalewa ko yana karo in ka lanƙwasa, MRI kuma ya nuna yagewa, to a nan ne maganar kyamara take da ma'ana. In kuma gaɓar ta riga ta lalace tana hana ka barci da neman abinci, sauyawa ake yi kuma ƙarancin shekaru ba ya hanawa.

Duk aikin da za a maka nan gaba, ko na haƙori ne in dai za a sa ka barci, ka gaya wa likitan barci kana da wannan ciwo tun kafin ranar, saboda wuyan da ya sandare yana wahalar zura bututun numfashi, allurar baya ma takan ƙi shiga. In kana shan sigari ka bari tana ƙara shi. In ka wayi gari ido ɗaya ya yi ja yana zafi ba ka son haske, ranar nan ka ga likitan ido, kar ka ɗiga komai daga kemis, ciwon yana taɓa ido.

Tela_Fagge ya rubuta:

Likita na gode ƙwarai, sigari ba na sha alhamdulillah. Zan koma wajen likitan nawa in sha Allahu, na kuma ce wa mutumin can ya dakata, har ya fara cewa wai farashin zai tashi in na yi jinkiri. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, eksiren bara zai wadatar in kai Dala ko sai na yi sabo? Sannan malam mai gashi kafin nan wane motsa jiki zan riƙa yi, don aikin sallah ya fara shigowa ba yadda zan bar shago.

Mai_Gashin_Ƙashi ya rubuta:

Ka tafi da na baran amma za su so sabo, na ƙugu duka wanda ya nuna ɓangare biyun, don su gwada su ga ko tazarar ta ƙara raguwa, kuma ka ce a auna maka ita da milimita. Ka bari su rubuta maka irin wanda suke so kar ka biya sau biyu.

A shago kar ka wuce rabin awa a zaune ba ka tashi ka miƙe ka ɗan taka ba, ka ɗaga kujerar keken yadda gwiwarka za ta yi ƙasa da ƙugu kaɗan, in keken na takawa ne kuma kana da hali ka sa masa mota. Safe da yamma ka kwanta rub da ciki a shimfiɗa mai tauri kamar minti 10 zuwa 15, yana hana gaban cinyar ƙanƙancewa ya ja ka ka duƙe, matashi kuma siriri ɗaya ya isa da dare. Sauran motsin sai wani ya duba iya inda gaɓar ke kaiwa sannan ya tsara maka, ka nemi sashen gashi ranar da ka je.